Gari Na Kukan Babu, Ƙungiyoyi Na Sayen 'Yan Wasa: Tarihin Kasuwar Ƙwallo a Lokutan Matsi

Ranar 1 ga Satumba, 2008, wani kamfanin zuba jari na Abu Dabi, mallakar Sheikh Mansour, ya sanar da cewa ya cimma yarjejeniyar sayen Manchester City. Kafin a rufe kasuwar 'yan wasa a daren ranar, City ta ɗauko Robinho daga Real Madrid a kan fam miliyan 32.5, kuɗin da babu wata ƙungiyar Birtaniya da ta taɓa biya a kan ɗan wasa ɗaya kafin nan. Bayan mako biyu cif, ranar 15 ga watan, bankin Lehman Brothers na Amurka ya durƙushe, duniya ta faɗa cikin karayar tattalin arziki mafi muni tun shekarun 1930.

Ko a rigunan 'yan wasa ana iya karanta rikicin. Kamfanin inshora na AIG, wanda sunansa ke ƙirjin 'yan Manchester United, sai da gwamnatin Amurka ta cece shi da dala biliyan 85. Bankin Northern Rock da ke rigar Newcastle tuni gwamnatin Birtaniya ta karɓe shi tun watan Fabrairu. Kamfanin tafiye-tafiye na XL da ke talla a rigar West Ham ya rushe a cikin Satumbar, har 'yan wasan suka fita fili an rufe sunan da wani ƙyalle. Duk wanda ya kalli wannan zai ce to, kasuwar 'yan wasa ta gama yawo. Sai ga shi bayan wata tara Real Madrid ta biya fam miliyan 80 a kan Cristiano Ronaldo.

Tambayar da ake yawan ji a gidan kallo duk lokacin da aka sanar da irin wannan ciniki ita ce: wai su ina suke samun kuɗin nan, alhali kowa na kuka? Amsar da aka saba bayarwa ita ce ƙwallo wata duniya ce daban, matsin tattalin arziki ba ya taɓa ta. Tarihi bai goyi bayan wannan ba. Kasuwar ta sha faɗuwa, wani lokacin ma faɗuwa mai muni. Abin da tarihin ya nuna shi ne, faɗuwarta ba ta bin aljihun mutumin gari kai tsaye. Tana bin hanyar da kuɗi ke shigowa ƙungiya ne, kuma hanyar nan ta sauya sosai cikin shekara ɗari.

Lokacin da ƙofa ce kaɗai hanyar samu

A shekarun 1930, kusan duk abin da ƙungiyar Ingila ke samu daga ƙofar fili yake fitowa. Babu talabijin, babu talla a riga. In mutanen garinku suna da aiki, kuna da kuɗi. In an rufe masana'anta, kun shiga uku. Haka ta faru da Merthyr Town, ƙungiyar wani garin kwal da ƙarfe a kudancin Wales da rashin aikin yi ya yi wa katutu: an fitar da ita daga gasar ƙwararru a 1930, ta mutu bayan 'yan shekaru. Wigan Borough kuwa kaka na tsaka da tafiya ta janye, a Oktoban 1931, saboda ba ta iya biyan bashin da ke kanta.

Amma Landan ba ta ji jiki kamar garuruwan kwal da saƙa ba, kuma a can Arsenal take. Ta sayi David Jack daga Bolton a 1928 a kan sama da fam 10,000, karo na farko da aka kai wannan adadi, ta ci gasa sau biyar tsakanin 1931 da 1938, har ana mata kirari da ƙungiyar Babban Bankin Ingila. A 1938 ta biya fam 14,000 a kan Bryn Jones na Wolves, jaridu suka yi ta surutu a kan ko ya dace a kashe irin wannan kuɗi a irin wannan lokaci. Abin da ya fi ɗaukar hankalina a labarin shi ne asalin Jones ɗin: ɗan Merthyr ne, garin da ƙungiyarsa ta mutu don babu masu kuɗin shiga kallo. Shi kansa kuma ba wani arziki ya yi da cinikin ba, domin doka ta ƙayyade cewa ɗan wasa ba zai karɓi fiye da fam 8 a mako ba. Wannan ƙayyade albashin, wanda ba a soke shi ba sai 1961, shi ya ba manyan ƙungiyoyi damar tara rarar da suke sayayya da ita.

Tun a nan za ka ga abu biyu na tafiya tare a shekara guda: ana kafa sabon tarihin farashi a sama, ana binne ƙungiyoyi a ƙasa. Wanda ya kalli farashin ɗan wasa mafi tsada kawai zai ce kasuwa lafiya lau. Wannan kuskuren auna abu ne da duk ɗalibin kimiyya ya sani, wato ka ɗauki samfur guda daga can ƙoli ka yanke hukunci a kan taron duka.

An sake ganin irin haka a ƙarshen shekarun 1970. A Fabrairun 1979, ana tsakiyar yajin aikin da ya tsayar da Birtaniya cik, shara ta taru a titunan Landan, Nottingham Forest ta mayar da Trevor Francis ɗan wasan fam miliyan ɗaya na farko a ƙasar. Sai kowa ya kama. A Satumbar shekarar Manchester City ta biya kusan fam miliyan 1.44 a kan Steve Daley, bayan 'yan kwanaki Wolves ta ɗara haka kaɗan a kan Andy Gray. Daga nan matsin ya iso ƙofar fili. Marasa aikin yi suka haura miliyan 3 a farkon 1982, 'yan kallo suka ragu (rikicin magoya baya da lalacewar filaye ma sun taimaka wajen korar mutane). City ta sayar da Daley ga wata ƙungiyar Amurka a kan fam 300,000 kacal. Wolves ta kasa biyan bashi a 1982, ta yi ta gangarowa har rukuni na huɗu. A Bristol City, 'yan wasa takwas ne suka yarda aka soke kwantiraginsu a Fabrairun 1982 don kada ƙungiyar ta mutu. Fam miliyan 1.5 da Manchester United ta biya a kan Bryan Robson a 1981 kuwa, sai a 1987 wata ƙungiyar Ingila ta biya fiye da shi.

To ka ga, muddin ƙofa ce hanyar samu, yunwar gari tana isa ga kasuwar 'yan wasa. Tana ɗan jinkiri ne kawai.

Talabijin ta raba ƙungiya da garinta

A 1983, yarjejeniyar nuna wasannin gasar Ingila kai tsaye ta kama fam miliyan 5.2 na shekara biyu. A 1992, da aka kafa gasar Firimiya, an sayar da haƙƙin nunawa a kan fam miliyan 304 na shekara biyar. Daga nan, duk da ɗan sauka nan da can, abin ya yi ta hawa: kimanin fam biliyan 1.7 na 2007 zuwa 2010, biliyan 3 na 2013 zuwa 2016, biliyan 5.1 na 2016 zuwa 2019, duk na cikin gida kaɗai.

Yawan kuɗin ba shi ne kawai abin lura ba, yanayinsa ma daban ne. Kuɗin ƙofa na mako-mako ne, yana hawa yana sauka da halin gari. Kuɗin talabijin kuwa kwantiragi ne na shekara uku ko fiye, an sa hannu tun kafin a san abin da gobe za ta zo da shi. Ƙungiyar Firimiya a Satumbar 2008 ta riga ta san abin da zai shigo mata har 2010, ko bankuna nawa ne suka rushe. A Fabrairun 2009 kuma, ana tsakiyar rikicin, aka sa hannu a kan sabuwar yarjejeniya ta kimanin fam biliyan 1.78, wato ta ma ɗara ta baya. Dalili kuwa ba boyayye ba ne: mutumin da aljihunsa ya yi sanyi yakan daina fita ne ya zauna a gida, kuma wasan ƙwallo kai tsaye shi ne abin da ke hana shi yanke biyan kuɗin tashar.

Sannan masu biyan ba 'yan Ingila kaɗai ba ne. Kuɗin da ake karɓa a ƙofar gidan kallo a Kano ko Jos, wani ɓangarensa na tafiya ga kuɗin DStv, daga can kuma ga abin da SuperSport ke biyan gasar Firimiya. Haka abin yake a Asiya da Amurka da ƙasashen Larabawa. A zagayen 2022 zuwa 2025, kuɗin da gasar ta samu daga ƙasashen waje ya zarce na cikin gida a karon farko. Ƙungiyar da kuɗinta ke fitowa daga ƙasashe sama da ɗari, rufe masana'anta guda a garinta ba zai girgiza ta ba.

In wannan bayani daidai ne, ya kamata mu ga kasuwa ta faɗi a duk lokacin da kuɗin talabijin ya sami matsala, ko da tattalin arzikin ƙasa lafiya yake. Kuma an gani. A 2002 kamfanin ITV Digital, wanda ya yi wa ƙananan rukunonin Ingila alkawarin fam miliyan 315, ya rushe ana binsa kusan miliyan 180. Ƙungiyoyin sun riga sun ɗauki 'yan wasa a kan kuɗin da ba su zo ba, da yawansu suka kasa biyan bashi. A shekarar ce kamfanin Kirch mai nuna gasar Jamus ya durƙushe, Fiorentina ta Italiya ma ta rushe aka mayar da ita can ƙasa. Farashin da Real Madrid ta biya a kan Zidane a 2001 ya yi shekara takwas babu wanda ya haura shi.

Madrid, 2009

Wanda ya karya wannan tarihi shi ne mutumin da ya kafa shi. Florentino Pérez ya dawo shugabancin Real Madrid a Yunin 2009, cikin 'yan makonni ya kawo Kaká, Ronaldo, Benzema da Xabi Alonso. Abin da ƙungiyar ta kashe a wannan bazara ya kai kimanin Yuro miliyan 250. A lokacin, kasuwar gine-ginen Sifaniya ta rushe, mutum sama da miliyan 4 ba su da aiki, wato kusan kashi 18 cikin 100 na masu neman aiki.

Madrid tana da abin da za ta nuna wa banki. Kuɗin shigarta a shekara ya kai Yuro miliyan 400, mafi yawa a duniya, tana kuma riƙe da kwantiragin talabijin na shekara bakwai da kamfanin Mediapro da ya haura Yuro biliyan ɗaya. A Sifaniya ta wancan lokacin kowace ƙungiya ita ke sayar da wasanninta da kanta, don haka Madrid da Barcelona ke kwashe kusan rabin kuɗin, sauran 18 su raba ragowar. Da wannan ta karɓi rancen kimanin Yuro miliyan 150 daga Santander da Caja Madrid, a daidai lokacin da ƙananan 'yan kasuwa ke zuwa banki ana ce musu babu. Caja Madrid ɗin nan ita ce daga baya ta narke cikin Bankia, bankin da aka ceta da kuɗin jama'a a 2012. Fushin da mutane suka yi a kan wannan, a ganina, yana da hujja, ko da Madrid ta biya bashinta.

Valencia ita ce ɗaya fuskar labarin. Ta fara gina sabon fili da niyyar sayar da filin tsohon ga masu gine-gine. Da kasuwar filaye ta mutu, aikin ya tsaya a Fabrairun 2009, gini ya zama kango na shekara da shekaru. Ta sayar da David Villa da David Silva a 2010, Juan Mata a 2011. Zuwa 2012, harajin da hukuma ke bin ƙungiyoyin Sifaniya ya kai kimanin Yuro miliyan 750.

A Ingila ma an ɗan ji sanyin, sai dai a makare. Ƙungiyoyin Firimiya sun kashe kimanin fam miliyan 170 a kasuwar Janairun 2009, suka sauko zuwa kimanin miliyan 30 a Janairun 2010, sannan suka koma miliyan 225 a Janairun 2011, watan da Chelsea ta biya miliyan 50 a kan Fernando Torres. Waɗanda suka fi shan wuya su ne ƙungiyoyin da ke rayuwa da aljihun mai gida ko rancen banki. Mai West Ham ɗan Iceland ne, arzikinsa ya tafi tare da bankin Landsbanki. Amurkawa biyun da suka sayi Liverpool da bashi, banki ya matsa musu har aka sayar da ƙungiyar a Oktoban 2010 ba da son ransu ba.

Sai Portsmouth, wadda 'yan kallo a Najeriya da Gana ba za su manta da ita ba. A Mayun 2008 ta ci kofin FA, Nwankwo Kanu ne ya zura ƙwallon da ta ba ta nasara a kan Cardiff bayan John Utaka ya bugo ta daga gefe, Sulley Muntari na tsakiya. Filinta ba ya ɗaukar fiye da mutum 20,000 da 'yan kai, amma tana biyan albashi irin na manya, mai ƙungiyar Alexandre Gaydamak ne ke cike giɓin. Da rikicin ya zo ya ɗauke hannu. Aka shiga sayar da 'yan wasa: Muntari tuni ya riga ya tafi Inter, Lassana Diarra ya tafi Real Madrid, Defoe, Glen Johnson da Crouch duk suka bi. Duk da haka ramin bai cike ba, domin yawancin 'yan wasan nan ba a gama biyan kuɗin sayensu ba tun farko. A kakar 2009 zuwa 2010 ƙungiyar ta ga masu ita huɗu, albashi ya sha makara, a Fabrairun 2010 ta zama ƙungiyar Firimiya ta farko da aka miƙa wa masu kula da kamfanonin da bashi ya ci. An cire mata maki 9, ta faɗi.

Ga inda abin ya fi ciwo. Dokar ƙwallon Ingila ta ce in ƙungiya ta karye, sai an fara biyan 'yan wasa da sauran ƙungiyoyin da ke binta cif-cif. Sauran masu bin bashi, irin su masu kawo abinci, masu gyaran wuta, ƙananan 'yan kasuwar garin da hukumar haraji, an yi musu tayin kashi 20 cikin 100 na haƙƙinsu. Portsmouth ta sake karyewa a 2012, ta gangara har rukuni na huɗu, a 2013 magoya bayanta suka haɗa kuɗi suka saye ta.

Irin wannan ne ya sa hukumar UEFA ta amince da dokar daidaita kashe kuɗi a Satumbar 2009, wadda ta ce ƙungiya kada ta kashe fiye da abin da take samu sai da ɗan kaɗan. Asarar da manyan ƙungiyoyin Turai suka tafka a 2011 kaɗai ta kai kimanin Yuro biliyan 1.7.

Yadda ake rubuta ɗan wasa a littafin lissafi

A nan sai mun ɗan tsaya, domin adadin da jarida ke bugawa ba shi ne abin da ke fita daga asusu a ranar ba. Da farko, yawancin ciniki biya ake yi kashi-kashi, cikin shekara uku ko huɗu. Na biyu, kuma mafi muhimmanci, a littafin lissafi ɗan wasa kadara ce kamar injin niƙa. In ka saye shi a kan miliyan 50 da kwantiragin shekara biyar, ba za ka rubuta ka kashe 50 a bana ba. Za ka rubuta 10 a kowace shekara har biyar.

Sayarwa kuwa akasin haka take. Ribar gaba ɗaya a shekarar da aka sayar ake rubuta ta. In ka sayar da yaron da ka raina a makarantar ƙungiya a kan miliyan 30, tunda ba sayensa ka yi ba, duk 30 ɗin riba ce nan take. Ke nan a takarda, sayar da yaro ɗaya na miliyan 30 zai ɗauke maka nauyin shekarar farko ta 'yan wasa uku masu miliyan 50 kowanne. Matsalar ita ce shekara ta biyu tana nan tafe, da ta uku, kuma kowace sai ka nemo wani yaron da za ka sayar. Bashi ne dai, an canza masa riga.

Wannan ne ya sa ƙungiyar da ke cikin matsi wani lokacin takan ƙara ciniki maimakon ta rage. A ƙarshen Yunin 2020, ana dab da rufe lissafin shekara, Barcelona ta sayar wa Juventus Arthur a kan Yuro miliyan 72, Juventus ta sayar wa Barcelona Pjanić a kan miliyan 60. Tsabar kuɗin da ke tsakani miliyan 12 ne kawai. Amma kowacce ta rubuta riba mai kauri a shekarar, ta tura nauyin sayen zuwa shekarun gaba. Daga baya hukumar ƙwallon Italiya ta cire wa Juventus maki 10 a 2023 a kan yadda take ƙiyasta farashin 'yan wasa a cinikayyarta.

Korona: gwajin da babu wanda ya shirya

Mai bincike ba ya iya rufe filayen Turai don ya ga abin da zai faru, amma annoba ta yi masa aikin. A Maris 2020 aka dakatar da wasanni, da aka dawo kuma babu 'yan kallo. A karon farko tun zuwan kuɗin talabijin, matsi ya bugi hanyoyin samu duka lokaci guda: ƙofa ta rufe, shagunan ƙungiya sun rufe, tashoshin ma suka nemi a mayar musu da wani abu, inda gasar Firimiya ta amince da mayar da kimanin fam miliyan 330. A Faransa an kawo ƙarshen kakar ba tare da an kammala wasanninta ba, sannan a Disamban 2020 yarjejeniyar Mediapro ta sama da Yuro miliyan 800 a shekara ta wargaje bayan 'yan watanni da farawa. UEFA ta ƙiyasta cewa ƙungiyoyin Turai sun rasa kimanin Yuro biliyan 7 a kaka biyu.

Wannan karon kasuwa ta amsa nan da nan. Alkaluman FIFA na cinikin 'yan wasa tsakanin ƙasa da ƙasa sun nuna dala biliyan 7.35 a 2019, sai 5.63 a 2020, sai 4.86 a 2021. A Janairun 2021 ƙungiyoyin Firimiya duka kimanin fam miliyan 70 suka kashe. Rikicin 2008, wanda ya fi daɗewa yana cin talaka, bai yi wa kasuwar irin wannan ba.

Ko a nan ba kowa ne ya ja baya ba. Chelsea, da kuɗin Roman Abramovich da na sayar da Hazard a hannu, ta kashe sama da fam miliyan 200 a bazarar 2020. Napoli ta ɗauki Victor Osimhen daga Lille a kan kimanin Yuro miliyan 70. Arsenal ta sanar da sallamar ma'aikata 55 a Agusta, a Oktoba ta biya fam miliyan 45 a kan Thomas Partey. Za a iya kare wannan da lissafi, a ce ɗan wasa jari ne da zai iya kai ƙungiya gasar Zakarun Turai. Amma albashin mutum 55 ɗin nan a shekara bai kai ko kusa da kuɗin Partey ba, kuma su ma sun san haka. A watan Satumbar shekarar kotu ta rufe Macclesfield Town, ƙungiya mai shekara sama da 140, a kan bashin da bai wuce fam 500,000 da 'yan kai ba.

Barcelona ce babbar da annobar ta tona wa asiri. Ta karɓi Yuro miliyan 222 na Neymar a 2017, ta zuba fiye da haka a kan Dembélé, Coutinho da Griezmann, kowannensu sama da miliyan 100. Lissafin ya dogara ne a kan cewa filin Camp Nou, gidan tarihin ƙungiyar da shagunanta za su ci gaba da cika da 'yan yawon buɗe ido. Da aka rufe su, nauyin sayayyar shekarun baya da albashi suna nan ba su motsa ba. A Agustan 2021 shugabanta Joan Laporta ya ce bashin ƙungiyar ya kai Yuro biliyan 1.35, albashi kuma ya kai kashi 103 cikin 100 na kuɗin shiga. A watan ne Messi ya tafi, duk da ya yarda a rage masa rabin albashi, domin dokar La Liga ba ta bari a yi masa rajista ba. Shirin gasar Super League da ƙungiyoyi 12 suka sanar a Afrilun 2021, wanda ya watse cikin kwana biyu, a wannan rami aka haife shi.

Maganin da Barcelona ta samo a 2022 shi ne ta sayar wa kamfanin Sixth Street na Amurka kashi 25 cikin 100 na kuɗin talabijin ɗinta na La Liga har tsawon shekara 25, a kan sama da Yuro miliyan 500, ta sayo Lewandowski, Raphinha da Koundé. Manomi ne ya sayar da rubu'in amfanin gonarsa na shekara 25 masu zuwa don ya sayi taki bana. Ta ci gasar a kakar da ta biyo baya, wannan gaskiya ne. Amma yaron da aka haifa a ranar cinikin zai kai shekara 25 kafin kuɗin su dawo hannun ƙungiyar.

Da filaye suka buɗe, kasuwa ta farfaɗo da gudu, duk da cewa a lokacin ne tsadar rayuwa ta kama Turai. A Oktoban 2022 hauhawar farashi a Birtaniya ta kai kashi 11.1 cikin 100, mafi girma cikin shekara 41, ma'aikatan jinya na shirin yajin aiki, iyalai na fargabar kuɗin wuta da gas. Ƙungiyoyin Firimiya kuwa sun kashe kimanin fam biliyan 1.9 a bazarar 2022, suka ƙara miliyan 815 a Janairun 2023. Tsadar burodi ba ta taɓa kwantiragin talabijin ba. Sababbin masu Chelsea sun kuma gano cewa lissafin nan na raba kuɗi a kan shekaru ba shi da iyaka a doka. Suka sayi Enzo Fernández a kan fam miliyan 106.8, suka ba shi kwantiragin shekara takwas da rabi. A littafi, kimanin miliyan 12.5 ke nan a shekara, maimakon miliyan 21 da 'yan kai in da na shekara biyar ne. UEFA ta toshe wannan ƙofa daga Yulin 2023, ta ce komai tsawon kwantiragi, a shekara biyar za a raba kuɗin. A shekarar ce kuma ƙungiyoyin Saudiyya suka shigo da kuɗin asusun gwamnati, cinikin ƙasa da ƙasa ya kai dala biliyan 9.63.

A Nuwamban 2023 aka cire wa Everton maki 10 saboda asararta ta wuce fam miliyan 105 da dokar Firimiya ta yarda da shi cikin shekara uku, daga baya aka rage zuwa 6. A Janairun 2024 aka tuhumi Nottingham Forest da irin wannan laifi, ita ma ta rasa maki 4 a Maris. A lokacin hauhawar farashi a Birtaniya ta sauko zuwa kusan kashi 4, wato aljihun mutumin gari ya fara samun sauƙi. A wannan Janairun, ƙungiyoyin Firimiya 20 kimanin fam miliyan 100 suka kashe gaba ɗayansu, ƙasa da kuɗin Enzo shi kaɗai.